Kantin Da Babu Mai Tsaronsa

Duk wanda ya taɓa zama a bakin kanti ya san yadda ciniki ke ƙulluwa a wurinmu. Mai saye zai ɗauki kaya ya jujjuya, ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, kana a sallama. Idan kuwa ya kai gida ya tarar da aibi, ya san ƙofar da zai koma, ya kuma san sunan wanda zai kama. To, a ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Japan akwai wani kanti da ba shi da mai tsaro. Akwati ne na ƙarfe mai tsayin mutum, gabansa gilashi, cikinsa an jera alewa da cakulan da biskit da soyayyen dankali na leda da lemon kwalba. Mutum zai jefa kuɗi ko ya goga katinsa na banki, ya danna lamba, sai abin da ya zaɓa ya faɗo ƙasa ya sa hannu ya ɗauka. Babu tayi, babu ragi, babu gyara, babu bashi, kuma dare da rana a buɗe yake. Wannan shi ne injin sayar da kaya, kuma a kansa nake so mu tattauna yau.

Ina da dalilin sa baki cikin wannan magana. Na yi shekaru ina aikin gwamnati a sashen sayen kaya da ajiya, da na yi ritaya kuma na buɗe kantin kayan masarufi, inda nake sayar da shinkafa da sukari da sabulu, har da lemon kwalban nan da za a ji ana ta ambato. Saboda haka kujera biyu na zauna a kai, ta ma'aikaci da ta ɗan kasuwa, kuma batun ya shafi kowace. Daɗin daɗawa, babban wana, wanda shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shekara da shekaru ke nan yana fama da ciwon sukari, har na san kuɗin allurar insulin, na kuma san wahalar nema mata wuri mai sanyi ran da babu wuta. Ɗan ƙanwata kuwa, wanda a hannuna ya tashi, yana karatun kiwon lafiyar jama'a a wata jami'ar gwamnati a Amurka, kuma ta wajensa ne na san abin da zan ba da labari.

Injin nan tsohon abu ne a duniya. Tun ƙarni na farko na Miladiyya wani masanin lissafi da ƙere-ƙere na birnin Iskandariyya ta Masar, mai suna Hero, ya bayyana wata na'ura da ake jefa wa tsabar kuɗi, nauyin kuɗin ya danne wani ɗan faranti, marfi ya buɗe ruwa ya zubo, da kuɗin ya zame sai marfin ya koma ya rufe. A 1883 Percival Everitt ya fito da injin sayar da katin wasiƙa a birnin Landan, a 1888 kuma kamfanin Thomas Adams ya kafa injunan sayar da cingam a tashoshin jirgin ƙasa na birnin Niyok. Mai lura zai ga cewa tun fil azal injin yana da irin hajar da yake so, watau ƙaramin abu wanda ba ya fashewa in ya faɗo, ba ya kuma lalacewa ko ya yi watanni a ajiye. A cikin abinci kuwa, abin da ya cika waɗannan sharuɗɗa galibi shi ne wanda aka cika wa sukari ko gishiri ko mai. Ke nan tun kafin a zo maganar son riba, ƙirar akwatin kanta ta riga ta karkata ga kayan kwaɗayi.

Malamarsu ce ta raba su rukuni-rukuni, ta ce kowane rukuni ya nemi wani abu guda a cikin harabar jami'ar wanda ke taɓa lafiyar jama'a, ya bincike shi har ƙarshen zangon karatu, sa'an nan ya kawo shawarar da za a iya aiwatarwa. Rukunin ɗan ƙanwata su biyar ne, suka zaɓi injunan sayar da abinci. Dalilinsu kuwa mai ƙarfi ne: ɗakin cin abinci yana rufewa da farkon dare, kantunan gari suna da nisa, amma laburare da ɗakunan gwaje-gwaje a buɗe suke har tsakar dare. Ɗalibin da ya fito daga aikin kwadago ya wuce karatu, da ma'aikaciyar da ke shara da dare, da mai gadi, duk injin nan ne tukunyarsu. Yunwa kuwa, a ba ki a huta. Sai suka ɗauki littafi da alƙalami suka bi gini-gini, suna rubuta abin da ke cikin kowane gurbi, da kuɗinsa, da inda aka ajiye shi, ko daidai ido ne ko can ƙasa wajen gwiwa. Suka kuma tsaya kusa da injunan suna tambayar masu saye abin da ya kawo su da abin da suka so su samu.

Abu na farko da suka yi bayan ƙirga shi ne lissafin sukari, kuma lissafi ne da kowa zai iya yi da kansa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa cikin abinci da abin sha, haɗe da na zuma da na ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, in ma da hali a rage shi ƙasa da kashi 5. Ga baligi matsakaici, kashi 10 ya kama wajen giram 50, kashi 5 kuma wajen giram 25, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi 6. To, kwalbar Coca-Cola mai mililita 591, irin wadda ake yawan gani cikin injunan Amurka, takardar jikinta ta nuna giram 65 na sukari, kimanin cokali 16 ke nan. Da kwalba ɗaya mutum ya haye iyakar yini guda, tun bai ci komai ba. Babu likitan da zai ce kwalba ɗaya na sa ciwo. Abin tsoro shi ne sabo, domin sukarin da aka sha a ruwa ba ya ƙosarwa kamar tuwo, mutum zai sha ya kuma ci abincinsa cif, ƙiba ta taru a hankali, ƙiba kuwa tana cikin manyan ƙofofin ciwon sukari irin na manya, ban da ruɓewar haƙori. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da wannan ciwo.

Abu na biyu ɗan ƙanwata ne ya tayar da shi, domin shi ya fi shafa. A bayan leda ake rubuta abin da aka haɗa abinci da shi, injin kuwa gaban leda kaɗai yake nunawa. Dokar lafiya da Amurka ta kafa a 2010 ta tilasta wa duk mai injuna 20 ko fiye ya bayyana yawan kalori, watau ma'aunin ƙarfin abinci, inda mai saye zai gani kafin ya biya, kuma an fara aiki da wannan sharaɗi a ƙarshen 2016. Amma dokar ba ta ce a nuna jerin kayan haɗi ba. Alewa mai danƙo da yawa a can ana haɗa ta da wani sinadari mai suna jelatin, wanda sau da yawa daga fatar alade ake samunsa. Ɗalibi Musulmi ko Bayahude, da wanda ba ya cin nama sam, da wanda gyaɗa ke tayar masa da ciwo har ta kai shi asibiti, dukkansu ba su da hanyar sanin abin da ke cikin leda sai kuɗinsu ya riga ya shige, injin kuwa ba ya karɓar kayan da aka fasa saye. Da ya ba ni wannan bayani na ce masa ai mu sunan wannan a wurinmu cinikin biri a sama. Abokan aikinsa ba su taɓa kawo wannan a ransu ba, amma da suka ji sai suka sa shi cikin rahotonsu, suka nemi a manna takardar kayan haɗi a gefen kowane inji.

Daga nan suka juya ga doka, suna tsammanin za su sami sandar dukan hukumar jami'a, sai suka tarar dokar ta tsaya a ƙofar sakandare. A 2002 hukumar makarantun birnin Los Anjalas ta yanke shawarar hana sayar da lemon kwalba a makarantunta daga farkon 2004. Faransa ta yi doka a 2004 wadda ta fitar da injunan abinci da abin sha daga makarantu ɗungum tun daga 1 ga Satumba 2005. A 2006 kamfanonin Coca-Cola da PepsiCo da Cadbury Schweppes suka yi yarjejeniya da wata ƙungiya da gidauniyar Bill Clinton da ƙungiyar masu yaƙi da ciwon zuciya ta Amurka suka kafa, cewa za su janye lemo mai cikakken sukari daga makarantu. A 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar abincin yara, wadda a ƙarƙashinta Ma'aikatar Aikin Gona ta fitar da ƙa'idojin da suka fara aiki ran 1 ga Yuli 2014, inda aka ce ɗan abin taɓawa da za a sayar wa yaro a makaranta kada ya wuce kalori 200, sukarinsa kuma kada ya wuce kashi 35 cikin 100 na nauyinsa. Duk waɗannan domin yara aka yi su. Ɗalibin jami'a baligi ne a idon doka, ba a tsara masa abin da zai ci. Ashe yaron da aka tsare shekara goma sha biyu, ran da ya shiga jami'a, nesa da tukunyar uwarsa, ran nan ne ake buɗe masa ƙofar gaba ɗaya.

Abin da ya fi ba su mamaki kuwa a ofis suka same shi. Da suka nemi wanda ke da alhakin zaɓen abin da ake zubawa cikin injunan, sai aka yi ta tura su daga wannan tebur zuwa wancan, har suka dangana da jami'in kula da kwangiloli. Shi ne ya bayyana musu cewa injunan ba na jami'a ba ne. Wani kamfani ne ke da su, shi ke cika su, yana ba jami'a la'ada daga abin da aka sayar. Ban da wannan kuma akwai wata babbar yarjejeniya ta shekaru da dama da wani kamfanin lemo, wadda ta ba shi shi kaɗai ikon sayar da abin sha a harabar, shi kuwa yana biyan kuɗi da ake kashewa kan wasanni da tallafin karatu da hidimomin ɗalibai. Irin wannan yarjejeniya ta zama ruwan dare a jami'o'in Amurka. Ni da na yi aikin sayen kaya ban yi mamaki ba ko kaɗan, domin ruwa ba ya tsami banza. Duk abin da ka ga ya daɗe a wuri ɗaya cikin ma'aikata, bincika, akwai takarda a ƙarƙashinsa, akwai kuma wani gurbi a kasafin kuɗi da ya dogara da shi. Jami'in bai ɓoye musu komai ba, ya ce su kawo duk shawarar da suke so, amma su zo da amsar tambaya ɗaya: in ciniki ya ragu, wa zai cike giɓin?

A nan ne kan ɗaliban ya rabu. Wata daga cikinsu, wadda ciwon sukari ya yi sanadin yanke ƙafar kakarta, ta ce jami'ar da ke koyar da kiwon lafiya da safe ba ta da hujjar cin ribar lemo da dare, a kwashe shi kawai. Wani ya ce shi ba yaro ba ne, da guminsa ya sami kuɗinsa, babu kwamitin da zai zaɓa masa abin da zai sa a bakinsa. Na uku ya kawo maganar talauci, ya ce abin da ake kira lafiyayyen abinci kullum ya fi tsada, wanda ke da dala ɗaya a aljihu in ka ɗauke masa biskit mai arha ka ajiye masa abin dala uku, yunwa ka ba shi. Ta huɗu kuma ta tuna musu cewa a bayan injin akwai masu cin abinci da shi, direban da ke zagayawa yana cikawa, har da makafi, domin tun 1936 Amurka ke da dokar da ta ba makafi fifiko wajen gudanar da irin waɗannan wuraren ciniki a gine-ginen Gwamnatin Tarayya. Ni dai da aka karanta mini hujjojin nan huɗu ban ga wadda zan jefar ba. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya, kuma wannan ne ya sa aikin ya wuce na neman maki.

Da gardama ta ƙi ƙarewa sai ya bugo mini waya, ya ce, "Kawu, kai ɗan kasuwa ne. In kana so mutane su sauya abin da suke saye ba tare da ka yi asara ba, yaya za ka yi?" Na ce masa, "Ɗana, abu uku zan gaya maka, kuma duk wanda ya yi shekara guda a kanti ya san su." Na farko, ido ke fara saye kafin hannu. Abin da ka ajiye daidai fuskar mai shigowa shi ke tafiya, wanda ka tura ƙasa sai wanda ya zo takanas dominsa. Saboda haka ba sai an fitar da komai ba, a sauya wa kaya mazauni tukuna, ruwa da gyaɗa su hau sama, lemo da alewa su sauka. Na biyu, kada su cika injin da ayaba da yankakken kankana don sun ji an ce suna da amfani, domin ɗanyen kaya in ya yi kwantai kwana uku ya zama asara, kuma asara ɗaya ta isa mai injin ya rantse ba zai sake ba. Su nemi abin da ke da amfani kuma yake jure ajiya, kamar gyaɗa da yazawa marasa gishiri da yawa, da zabibi da dabino da gugguru. Na uku, ɗan kasuwa ba kan kowace haja yake neman riba ɗaya ba, jimillar yini yake dubawa. A rage kuɗin abin da ake so ya tafi, a ɗan ɗora kan wancan, lissafi zai haɗu a ƙarshe.

Ya yi dariya ya ce abin da na faɗa a bakin kanti masana sun riga sun auna shi. Wani bincike da Simone French da abokan aikinta na Jami'ar Minesota suka buga a 2001 ya gwada injuna 55 a makarantun sakandare 12 da wuraren aiki 12. Da aka rage kuɗin abinci marar maiƙo da yawa da kashi 10, cinikinsa ya ƙaru da kashi 9. Da aka rage kashi 25 ya ƙaru da kashi 39, da aka rage rabi kuwa ya ƙaru da kashi 93, kuma matsakaiciyar ribar kowane inji ba ta sauya ba. A 2017 Brad Appelhans na Jami'ar Rush da ke Shikago ya ba da rahoton wata dabara ta daban: injin da ke jinkirta sakin kayan kwaɗayi na daƙiƙa 25, amma ya saki ɗayan nan take. Ɗan jiran nan kaɗai ya karkatar da wasu masu saye. Masu son a kwashe lemo gaba ɗaya su ma suna da abin nunawa. A 2015 Jami'ar Kalifoniya reshen San Faransisko ta daina sayar da abin sha mai ƙarin sukari a harabarta da asibitocinta, ba tare da ta hana kowa shigowa da nasa ba. Binciken da aka buga a 2019 kan ma'aikatanta 214 masu yawan shan lemo ya nuna shansu ya ragu da kusan rabi cikin wata 10, faɗin ƙugunsu ma ya ɗan ragu. A 2015 ɗin kuma ɗaliban Jami'ar Jiha ta San Faransisko suka tashi tsaye kan shirin ƙulla yarjejeniyar keɓe ciniki da wani babban kamfanin lemo, har shugaban jami'ar, Leslie Wong, ya janye shirin a watan Nuwamba.

Rahoton da suka miƙa a ƙarshe tsaka-tsaki ya bi. Sun nemi a sauya jerin kaya, a sassauta kuɗin ruwa da na ƙwayoyi irin su gyaɗa, a manna takardar kayan haɗi, a gyara famfunan ruwan sha da ke kusa da injunan domin mai ƙishi ya sami abin sha kyauta, sa'an nan a sa wakilin ɗalibai cikin kwamitin da zai duba yarjejeniyar lemo ran da wa'adinta ya cika. Hukuma ta yarda a gwada sabon tsarin a injunan laburare na zango ɗaya, ta kuma karɓi maganar wakili. Sauran injunan suna nan yadda suke. Ɗan ƙanwata ya ɗan karaya, yana ganin wahalar wata huɗu ba ta haifi abin kirki ba. Ni kuwa a ganina kujerar nan ta kwamiti ta fi duk sauran daraja, domin na zauna a irin waɗannan kwamitoci, na san layi ɗaya da aka rubuta cikin sharuɗɗan kwangila yakan yi aikin da shekara goma ta ƙorafi ba ta yi ba.

Wani zai ce ina ruwanmu da injin Amurka, mu da galibin makarantunmu da ofisoshinmu 'yan tebur da ƙananan shaguna ne ke ciyar da su. Amsa ita ce, kwalbar da ke cikin injin can 'yar'uwarta ce ke cikin firjin shagon nan, in kuwa gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ma ta lura, shi ya sa Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 kan kowace lita ta lemo mai sukari, aka fara karɓa a 2022. Amma haraji a Abuja ake yanke shi, abin da yaro zai tarar a shagon makaranta kuwa a ofishin ma'aji ko na shugaban makaranta ake yanke shi. Ga 'yan'uwana ma'aikata, musamman waɗanda ke ba da hayar shaguna a makarantu da asibitoci da sakatariya, ina roƙon ku duba takardar da kuke ba ɗan haya. In babu komai cikinta sai kuɗin haya da ranar biya, ku ƙara layi biyu: lalle a sami tsabtataccen ruwan sha mai arha, lalle kuma a sami abin ci wanda ba zaƙi zalla ba. Haka nan wanda aka ba kuɗin abin taɓawa na taron ofis, babu dokar da ta ce sai lemo da kek. A cikin masu zaman taron nan akwai masu ciwon sukari da hawan jini waɗanda kunya ke hana su mayar da abin da aka ajiye musu.

Ga 'yan'uwana 'yan kasuwa kuma, ni ba ni da bakin cewa a daina sayar da lemo, domin ina sayarwa, kuma mai saye baligi yana da ikon kuɗinsa. Sai dai muna da abin da injin ba shi da shi. Mu mun san masu sayenmu. Mun san dattijon da likita ya hana sukari, mun san yaron da aka ba kuɗin karin kumallo ya zo zai ƙarar da su kan alewa, muna kuma da bakin da za mu ce masa ga gyaɗa nan ta fi riƙe ciki. Abin da ɗaliban can suka sha wahalar nema, watau abinci mai amfani da ke jure ajiya, mu a ƙofar gida muke da shi: gyaɗa da aya da gurjiya da ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi, ba ɗaya da ke bukatar firji. Abin da ya rage shi ne tsabta da ƙulli mai kyau, da ba su wuri a gaban kanti maimakon kusurwa. A kuma yi hattara, kada a ɗauka duk abin da aka yi a gida lafiyayye ne. Zoɓo da kunun aya da shayin mai shayi, in aka antaya musu sukari, ba su da wani fifiko a kan lemon kwalba, domin jiki ba ya tambayar sukari daga wace ƙasa ya fito.

Ɗalibai biyar ɗin nan ba su kori kamfani ba, ba su kuma sauya dokar ƙasa ba. Abin da suka yi shi ne bin sawun wata haja tun daga gilashi har zuwa teburin da aka sa hannu a kanta, suka gano cewa kantin da ake gani kamar babu mai shi yana da masu shi da yawa: wanda ya rubuta kwangila, da wanda ya jera kaya, da wanda ya yanka farashi, da wanda ya karɓi la'ada. Da yawa daga cikin masu karanta wannan fili suna zaune a kan ɗaya daga cikin kujerun nan, ko a ofis ko a kasuwa. Kowa ya dubi tasa, ya ga abin da zai iya gyarawa kafin wata takardar ta zo sa hannu, ko kafin ya tafi sari na gaba. Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka cikin nemanmu.